Gashin Matar Malam Dai

Shekara goma sha ɗaya ina taje kan Sulan, matar Malam Dai Songling, kuma duk garin Liutang babu mai gashi irin nata. In ta kwance shi tana zaune a kan kujera, sai ya share ƙasa. Sana'ata ke nan. Da sassafe nake ɗaukar kwandon matajai da kwalbar mai da ruwan ɓawon itace mai yauƙi, in bi gidajen masu hali ina naɗe wa matan aure gashi a ƙeya kamar gammo, in soke da tsinke. Goggo Peng ake ce mini. Duk abin da zan faɗa a kan gidan Dai da idona na gan shi, wani ma da hannuna aka yi.

A kakar da sojojin kudu suka shigo lardinmu na Hunan a ƙasar Sin, 'yan kishin ƙasa da 'yan kwaminis a tukunya ɗaya suke ci. Manoma suka kafa ƙungiya, mata suka kafa tasu, aka riƙa kifa wa masu gonaki doguwar hular takarda ana zagaya kasuwa da su. Malam Dai mai shagon takarda da tawada, mutumin da ko kaza ta shiga shagonsa sai ya kira wani ya kore ta, sai ga shi ya wayi gari ɗan juyin juya hali. Kujerar sakataren kwamitin gari yake nema ido rufe. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wani ya yi masa ba'a a taro, wai mai wa'azin sabon zamani ya bar matarsa da gammon zamanin sarakuna a ka.

Ina cikin taje kan Sulan ya shigo tsakar gida da almakashi a naɗe cikin jar takarda.

"Goggo Peng, gobe ki yi mata mai kyau," in ji shi. "Ki tufke shi jela ɗaya. A dandali za a yanke."

Sulan ta ɗago kai har matajin ya kuɓuce mini. "Maigida, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. 'Yanci za a ba ki."

"Ni ban ce ina so ba."

"Ai shi ya sa za a ba ki! Da kin san kina so, da ba a ce kina baya ba."

Uwarsa, Tsohuwa Dai, tana zaune bakin ƙofa tana shan shayi, ta ce ba tare da ta dubi kowa ba, "Ke, rufe mana baki. Gashi ai fitowa yake yi. Kujera kuwa in ta wuce ɗana, a kanki za ta fito?"

Mutum ɗaya ce ta buɗe baki ta kare Sulan a gidan nan, ƙanwar Malam, Wenhui, 'yar shekara goma sha tara da ta zo hutu daga makarantar horon malamai a Changsha, babban birnin lardi. Ita da kanta ta datse nata tun bara, kuma ita kaɗai ce a gidan ta yarda da abin da ake faɗa a taro har cikin ranta. Ta ce, "Yaya, in dole aka yi mata, ina 'yancin yake?" Ya ce ta bari sai ta gama makaranta ta koya masa siyasa.

Washegari aka kafa dandamali a gaban ɗakin bautar gari. Malam Dai ya yi jawabi har rana ta take, Sulan na tsaye gefensa kanta a ƙasa. Da ya gama ya kama jelar ya sa almakashi. Ina! Gashin ya fi ƙarfinsa. Ya yi ta cizon sa da almakashi yana gumi, yara suka fara dariya. Sai ya juyo ya yafito ni. Na hau, na yanke, sara uku. Jama'a suka ɗauki tafi, wani mai ɗaukar hoto ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya ɗauke mu. Malam Dai ya ɗaga jelar sama kamar ya kashe maciji, da tafi ya lafa ya yar da ita a kan katako. Ni na tsince ta na sa a kwandona. Da yamma na kai wa Sulan, ta naɗe ta cikin jan ƙyallen aurenta ta sa a ƙasan akwati.

Ya samu kujerar. Aka rubuta sunan Sulan a matsayin mataimakiyar shugabar ƙungiyar mata, ita da ko sunan nata ba ta iya karantawa. Duk taro sai a zaunar da ita a sahun gaba a riƙa nuna ta. Kowane wata kuma sai ya sa na sake datse gashin daidai kunne, kada 'yan kwamiti su ce gidan sakatare ya fara komawa baya.

Da damina ta faɗi sai tukunya ta fashe. Waɗanda jiya suke kiran juna 'yan'uwa suka koma farautar juna. Sojoji suka cika gari suna neman 'yan kwaminis, kuma ba su wahalar da kansu da tambaya ba: namiji a duba takarda, mace a duba kai. Duk wadda aka gani da guntun gashi, shi ke nan. A mashigar jirgin ruwa da kan gada sukan fizge ɗankwali, in sun ga gammo su ja shi su ji ko na gaske ne.

Malam Dai fa? Kafin shinkafar rana ta nuna ya sauke jan ƙyallen juyin juya hali da ke ƙofar shagonsa, ya ɗauki takardar sunayen 'yan kwamiti ya kai wa sabon hafsan soja. Aka rushe kwamitin gari aka kafa kwamitin tsabtace gari, aka nemi sakatare mai kyan rubutu. Ko tashi daga kujerar bai yi ba, allon da ke bayansa kawai aka sauya.

Abu ɗaya ya rage mai tona masa asiri, kan matarsa. Sai aka haura da Sulan rumbun shinkafa da ke saman kicin, aka janye tsani. Aka gaya wa maƙwabta ta tafi ganin gida. Aka gaya wa 'yarta Ying mai shekara huɗu haka nan, yarinyar ta riƙa zama bakin ƙofa tana jiran uwarta, uwar na kwance a samanta tana jin kukanta ta tsakanin katako.

Ni ina zuwa kullum da sunan gyaran kan tsohuwa. In na gama sai in jingina tsani in hau. Zafin rumbun nan kamar cikin tanda, ga hayaƙin kicin yana shigowa. Sati na farko ana miƙa mata abinci sau biyu. Sati na biyu ya koma sau ɗaya, wai kada mai aiki ta lura da yawan kwanuka. Ƙuraje suka feso mata a wuya, tari ya kama ta, ta riƙa cusa hannun riga a baki don kada a ji. Duk zuwana sai ta juya mini ƙeya ta ce, "Goggo, auna." In auna da yatsu. Kafin gashin ya kai a ɗaure shi da kansa, saura yatsa huɗu, kuma gashi ba ya sauri don mutum na cikin wahala.

Na tare Malam Dai a soro na ce, "Malam, matarka za ta mutu a can."

"Goggo Peng, kin ɗauka ni daɗi nake ji? Ni ma fursuna ne a kujerar nan. In na faɗi, wa zai kare ta?"

"Kai ka sa aka yanke."

"Lokaci ne ya sa. Ke ba ki karanta tarihi ba, ba za ki gane ba."

Ban karanta tarihi ba, amma na san aikina. Na ce wa Sulan ta kwantar da hankalinta, jelarta na nan a akwati. In aka raba guntun gashi gida-gida, aka ɗinke jelar a tushe da baƙin zaren siliki, aka shafa ruwan yauƙi ya bushe, sannan aka naɗe aka sa raga da tsinke, ko an ja ba za ta fita ba. Na gwada a kan ƙullin igiya a gida har na gamsu. Ranar kasuwa jirgin gishiri yakan haura kogi zuwa ƙauyen wanta a cikin duwatsu, inda soja ba ya zuwa. Saura kwana uku. Ranar ce na fara ganin Sulan ta yi murmushi tun da aka hau da ita. Ta ce in roƙa mata a bar ta ta tafi da Ying. Malam Dai da ya ji shirin har ya tafa hannu. "Madalla! Ta je ta huta, iskar duwatsu za ta yi mata amfani."

Ana gobe kasuwa sai ga Wenhui, a ɓoye ƙarƙashin kwandunan kabeji a cikin amalanke, kanta a ɗaure da tsumma. An kashe ƙawayenta uku a Changsha, sunanta kuma yana cikin waɗanda ake nema.

Da safe na shigo da zarena da allurata. Na tarar da akwatin Sulan a buɗe a tsakar gida, jan ƙyallen a yashe a ƙasa, jelar a hannun tsohuwa. Wenhui na zaune a kan kujerar gyaran gashi. Sulan kuwa an sa mata tsani ta sauko, tana tsaye ta dafa bango.

"Zo ki fara, rana na yi," in ji tsohuwa, ta nuna mini kan 'yarta.

Na ce, "Inna, ai na Sulan ne."

"Na Sulan? Da shinkafar gidan wa ya yi tsawo? Shekara goma sha ɗaya man gidan nan yake sha."

Sulan ta ce a hankali, "Inna, da shi na zo."

"Da kika zo, ke da abin da ke kanki duk kun zama na gidan Dai. Wenhui jinina ce. Ki ce in zauna in ga an harbe 'yata saboda gashi?"

Sulan ta juya wajen mijinta. "Maigida."

Ya gyara tabarau, ya yi murya irin ta jawabi. "Ki yi tunani da hankali, uwar Ying. Ke me kika yi? Ba ki yi komai ba. Ko takarda ɗaya ba ki taɓa rabawa ba. Wanda bai yi laifi ba me zai sa ya gudu? Ita Wenhui da ta yi, ita ke bukatar gudu. Kuma aro ne, tana isa za ta aiko da shi."

Kun ji fa. Mutumin da ya yi karatu ke nan.

Wenhui ta fashe da kuka. "Yaya Sulan, ban roƙa ba, na rantse ban roƙa ba. Ina sauka zan ba mai jirgi ya dawo da shi." Ta yi kuka sosai, ban hana ta wannan ba. Amma ba ta tashi daga kujerar ba.

Na mayar da allurata cikin kwando na ce ba zan yi ba. Sai Malam Dai ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya kamar mai tambayar lafiya. "Goggo Peng, hoton nan na dandali yana cikin aljihun teburina. Kin tuna wa ke riƙe da almakashi a ciki?"

Ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ba don in wanke kaina na faɗa ba, don dai ku san farashina. Na sake fito da allurar. Zaren ya ƙi shiga. Sulan ce ta saki bango ta tako, ta karɓa ta zura mini, ta miƙo.

"Goggo, ki ɗaure da kyau," ta ce. "Kada ya faɗi a banza."

Na ɗaure da kyau. Tun da na fara sana'a ban taɓa aiki mai kyan wannan ba, tir da ni. Na bi su har mashigar jirgi na tsaya daga nesa. Wani soja ya fizge ɗankwalin Wenhui, ya kama gammon ya ja har kanta ya karkace, gashin bai motsa ba. Ya tura ta gaba. Ina kallo gashin Sulan ya shiga jirgi ya haura kogi, mai shi kuwa an mayar da ita rumbu an janye tsani.

Jirgin gishiri ya dawo, ya sake dawowa, babu saƙo. Na bi gida bakwai ina neman gashi. Mai sayar da gashin ƙari sojoji sun kama shi tun farkon rikici, nawa furfura ce 'yar tsiraru, mace mai dogon gashi kuma in ta yanke ta ba wata, ta sayi mutuwarta ke nan. Sulan ta daina cewa in auna. Ni nake juya ta in auna, in yi mata ƙarya.

Sai magana ta fara yawo a gidan shayi cewa sakatare na ɓoye 'yar kwaminis a gidansa. Wanda ke son kujerarsa ne ya saki zancen. Malam Dai bai ɓata lokaci ba. Ya zaɓi takarda mafi kyau a shagonsa, ya rubuta saki da rubutun nan nasa da ake yabo, ya manna a bangon ɗakin bauta. A ciki ya ce matar ta bi miyagun mata, ta yanke gashinta ba da saninsa ba, ta zubar da mutuncin kakanninsa. A bangon da ke bayan dandamalin fa! Mutum ɗari biyar suka gan shi yana gumi da almakashi a wurin nan. Suka karanta, suka gyaɗa kai, kowa ya kama gabansa.

Da tsakar rana aka sauko da ita. Tsohuwa ta ɗaura mata tsumma a ka, ta danƙa mata wainar shinkafa biyu a ganye.

"Ba korarki muke yi ba, 'yar nan," in ji ta. "Gidan ne ba zai iya ɗaukarki ba. In kin tsaya duk mu hallaka, har da Ying. Ke uwa ce, kin fi kowa ganewa."

Sulan ta ce a bar ta ta ga yarinyar. Aka ce an kai ta gidan maƙwabta, gara kada a tayar mata da hankali. Malam Dai bai fito ba, wai yana da taro. Aka buɗe mata ƙofar baya.

Sati bakwai ta yi a rumbu, tafiya take kamar mai koyo. Ina biye da ita a baya da kwandona, ina cewa a raina in ta haye gada zan ja ta cikin gonakin rake. Ba ta haye ba. Soja ɗaya ya sa bakin bindiga ya ɗage tsumman, ya yi dariya ya kira 'yan'uwansa. Wainar ta faɗi a kan gada. Washegari da hantsi aka kai ta bakin kogi tare da wasu mata huɗu. Ni na wanke ta, ni na taje mata kai na ƙarshe, gidan Dai ko likkafani ba su aiko ba.

Bayan shekara ashirin da biyu 'yan kwaminis suka karɓi ƙasa. Wenhui ta dawo Liutang cikin mota, babbar jami'a, da wani dogon akwati a hannu. Malam Dai ya tarye ta da hawaye da sabuwar jar tuta. Ashe duk shekarun nan, in ji shi, aiki yake yi wa juyin juya hali a ɓoye, har matarsa ya sadaukar. Hoton dandali ya fito daga aljihun tebur, aka datse gefen da nake riƙe da almakashi, aka rataye shi a zauren taro. A ƙarƙashinsa aka ajiye akwatin gilashi, jelar na kwance a ciki, da rubutu: gashin jaruma Tan Sulan, wadda ta yanke da hannunta don 'yancin mata. Wenhui ce ta tsara kalmomin. Da na tare ta na ce ta ji kunya, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Goggo, jama'a na bukatar jarumai. Wannan ya fi mata daraja."

Sau uku ke nan gidan Dai suna cin abinci da gashin nan: ya saya wa Malam kujera, ya fitar da ƙanwarsa daga bakin bindiga, yanzu kuma ya mayar da shi mijin jaruma, ana ba shi wurin zama a sahun gaba. Kowace shekara in ranar tunawa ta matso sai a aiko a kira ni in shafa wa jelar mai in taje ta. Shi da kansa yake buɗe mini gilashin, ya ce, "Goggo Peng, ki yi mata mai kyau."

Bara ina cikin tajewa sai Ying ta shigo. Ta girma, malamar makaranta ce, tun da aka ajiye gilashin nan ake tsayar da ita a gabansa tana karanta wa baƙi rubutun. Ta tsaya tana kallon hannuna, sai ta nuna tushen jelar, inda baƙin zarena yake har yau da ƙullin da na yi.

"Goggo, wannan zaren na mene ne? In da hannunta ta yanke, wa ya ɗinke shi?"

Shekara da shekaru ina juya zaren nan sama don wani ya tambaya. Na ce ta jawo kujera. Na gaya mata kamar yadda na gaya muku, ban cire almakashina ba, ban cire allurata ba, ban cire rumbun da ta zauna a ƙarƙashinsa tana kuka ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce, "Ranar da aka fitar da ita, saura nawa gashin ya kai a ɗaure shi?"

Na ɗaga mata yatsa uku.

Washegari aka yi taro, zaure ya cika, kujerar Ying babu kowa. Malam Dai ya dubi kujerar sau ɗaya, ya gyara tabarau, ya buɗe takardarsa. Ya yi kukansa daidai inda ya saba yi kowace shekara, a ƙarshen shafi na biyu.